Mu Mun Kai Goro, Shehu Ya Kai Tambaya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Shehu Bazazzagi, Allah ya jiƙansa da rahama. Bari kuma in faɗa tun yanzu kafin wani ya riga ni: ni ne wawan wannan labari. Na san akwai mutanen Tompkinsville da suka daɗe suna jiran ranar da zan furta haka da bakina. To ga shi na sa a jarida, kowa ya yanka ya ajiye. Sai dai a sani, wautar tawa ta manya ce. Da babbar riga na yi ta, da hula zanna, har da turare.

Abin da ya tayar da ni rubutun nan shi ne, makon jiya na je na ga takardun Shehu da idona. Jama'a, na gan su! Tun da na dawo ban bar kowa ya huta ba, har mai sayar da kifi na Stapleton sai da ya ji. Amma in na fara daga nan zan ɓatar da ku, don haka bari in koma baya.

Ni Alhaji Bala, Bakano ne. Aji huɗu na yi a firamare, na ga malaman sun fara maimaita kansu, na sallame su. A nan New York mota na tuƙa a Port Richmond har gwiwa ta ce ta gaji. Shehu kuwa ya yi karatu har inda karatu ya ƙare, tarihi ya karanta, yana aiki a ɗakin karatu na wata jami'a. Kun san tsakanin Kanawa da Zagezagi: ni in ce masa bawana, shi ya ce mini ɗan kasuwa mai auna magana da mudu. Muna haɗuwa duk Lahadi a bayan shagon Baba Awudu, mutumin Zangon Kumasi, mu zauna kan buhunan shinkafa tsakanin jarkokin manja da busasshen kifi, a kaɗa shayi, a gyara duniya.

Wata shekara aka aro Shehu daga jami'a, aka kai shi wani tsohon ginin kotu a Manhattan ya taya su ɗaukar hoton tsofaffin takardu kafin su ruɓe. Daga nan muka shiga uku. Mutumin nan ya dinga zuwa mana da labarin matattu kamar 'yan uwansa ne na Tudun Wada. Takardun duk iri ɗaya ne, suna da wani suna na Latin, wai hebiyas kofus, ni kuwa na ce wannan ai sunan maganin tari ne. A majalisarmu muka raɗa musu takardar a-fito-da-shi. Yadda ya bayyana mana, in an tsare mutum, shi ko matarsa ko uwarsa suna iya rubuta wa alƙali cewa ga wane a hannun wane. Sai alƙali ya aika wa mai tsarewar: kawo shi gabana, ka faɗi da wane hurumi kake riƙe da shi. In akwai hujja a ji, in babu a sake shi.

Shehu ya ce ya ga ta matuƙin jirgin ruwa da kyaftin ya kulle a ƙasan jirgi. Ya ga ta uwa da ta ba da ɗanta koyon sana'a, maigidan ya hana ta ko ganinsa. Ya ga ta matar da dangin miji suka kai gidan mahaukata alhali lafiyarta ƙalau. Ya ga ta baƙin mutum da aka cafke a kan titi aka ce bawan wani ne da ya gudo daga kudu. Ranar da ya ba mu wannan na ƙarshe, na kasa ce masa bawana har muka tashi. Lahadi ta gaba na ci gaba, don kada ya ɗauka ya ci ni da yaƙi.

Ni dai ban yarda ba. Na ce masa, “Shehu, a inda muka fito, mai riƙe da mukulli ba a yi masa tambaya. Gaishe shi ake yi.” Ya ce, “Shi ya sa mukullin ya daɗe a hannunsa.” Ya yi ta kirana in hau jirgin fito daga tsibirinmu, in tsallaka Manhattan in ga takardun. Na ce ba na shiga wurin da babu shayi, kuma ni ƙura tana sa ni atishawa.

Ana nan sai abin ya faɗo cikin gidanmu. Akwai Isufu, mutumin Maraɗi, mai kai burodi shaguna da asuba, wanda ko tsuntsu bai taɓa kora da ƙarfi ba. Yana da wani ofishi da yake zuwa sa hannu lokaci-lokaci kan maganar takardun zamansa. Ya je kamar kullum, bai fito ba. Aka kai shi wani gidan tsare mutane a tsallaken gada. Wata ya wuce, wani ya bi, ba alƙalin da ya ga fuskarsa, ba wanda ya ce ga ranar da za a saurare shi. Matarsa Balkisa tana da tsohon ciki. Sai kuma labari ya fito daga ciki cewa ana kwasar mutane ana kai su wata jiha mai nisa, inda ba mu da kowa, inda ko lauya sai ya hau jirgin sama. In aka kai Isufu can, to sai dai addu'a.

Balkisa ta zo shagon Baba Awudu tana riƙe da ƙugu, ta tsaya a kanmu. Ta ce, “Baba Alhaji, mi ya yi? Ku hwaɗa mini mi ya yi aka sa shi kaso.” 

Shehu ya ce a kira Amina, 'yar Baba Awudu, wadda shi Shehun ya zuga ta tun tana sakandare har ta zama lauya. Ya ce a rubuta takardar a-fito-da-shi. Ni kuma na miƙe tsaye, na gyara hula, na ce sam. Na ce kai hukuma ƙara tsokana ce, za su fusata su huce a kan yaron. Na ce mu muna da hanyarmu da muka gada: dattawa su sa manyan kaya, su ɗauki goro, su je wurin babban jami'in gidan su ba da haƙuri. Na ce na raba aure da rigima ta haka, na fito da mutum daga hannun ɗan sanda a Fagge ta haka. Gaskiya na faɗa kuwa, a Fagge ta yi aiki. Majalisa ta bi bayana, don na fi Shehu murya. Shehu ya ce shi ba ya zuwa, kuma don Allah in na je kada in buɗe baki. Wannan kamar ka ce wa jirgin fito kada ya taɓa ruwa ne.

Ku zo ku ga tawaga! Mota biyu muka cika. Na sa shaddata ruwan toka mai aska takwas, wadda nake ajiye wa Sallah. Baba Awudu ya zaɓo goro fari daushe, manya-manya, ya lulluɓe su da ɗanyen ganye a cikin ƙwarya. Iska tana kaɗa rigunanmu a filin ajiye motoci kamar za mu tashi sama. A bakin ƙofa aka ce kowa ya nuna katin shaida. Nan take sauran dattawan suka tuna ba su yi alwala ba, suka koma mota, ba mu sake ganinsu ba sai a hanyar gida. Saura ni da Baba Awudu da ƙwarya.

Wata mata ce a bayan gilashi, tana taunar cingam. Na yi mata gaisuwa cikakkiya da Turancina na mota, na tambayi iyali, na tambayi aiki. Na ce mun zo ganin babban gidan. Ta ce ba a ganinsa. Na ce to ta isar masa da saƙon dattawa: yaronmu Isufu ya yi kuskure, mun san ya yi kuskure, yaro ne, a yi haƙuri, mu za mu ja masa kunne. Haka ake buɗe ban haƙuri, kowa ya sani. Ba ka zuwa ka ce yaronka yana da gaskiya, sai ka ɗora masa laifi kaɗan don babba ya sami abin da zai yafe.

Matar nan ta daina tauna. Ta jawo takarda da biro, ta ce wane kuskure ya yi, kuma ina so in ba da bayani a rubuce? Baba Awudu ya taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwa. Ya ce, “Ei, Alhaji! Rufe baki, za ka kashe yaro!” Don in gyara, sai na tura ƙwaryar goron ta ƙasan gilashi, na ce tsaraba ce ga maigida. Sai ga wani ƙato ya fito da safar hannu, ya ɗaga ganyen da bakin biro, ya shinshina, ya tambaya ko muna ƙoƙarin ba ma'aikaci kyauta ne. Baba Awudu ya rantse da Hausa da Turanci da Asante cewa abin taunawa ne na tsofaffi. Suka juye goron a jakar leda, suka manna mata lamba, suka shige da ita. Mu aka nuna mana ƙofa. Ƙwaryar kawai aka dawo mana da ita.

Ina so jama'a su shaida: goron nan har yau yana tsare. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a faɗi laifinsa ba.

Yanzu ina dariya, amma ran nan ba a yi dariya ba. A duk zamanmu ban taɓa ganin Shehu ya yi fushi ba sai ranar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Bala, haƙurin me ka je bayarwa? Su da suke riƙe da shi ba su iya faɗin laifinsa ba, kai ka ƙera masa laifi ka kai musu har gida, da goro a kai.” Balkisa tana zaune a kan buhu, ta kau da kai daga gare ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Amina ta yi mini tambayoyi kamar ni ne a tsare: na faɗi sunana? Na sa hannu a wani abu? Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai in ta ji haushi. Ran nan da Hausa ta ce, “Kawu, don Allah, ka zauna gida.” Allah ya taimake ni ban sa hannu a komai ba, don biro ba ya cikin abokaina. Ita da Shehu suka zauna suka rubuta takardar, Balkisa ta sa hannu, aka shigar. Ni ina gefe ina jiran sama ta faɗo. Abin da ya faɗo shi ne umarnin alƙali: kada a gusa da Isufu ko'ina, kuma masu riƙe da shi su zo su yi bayani.

Kai! Jama'a, ashe ana yi! Ashe mai mukulli ma ana aika masa ya zo, kuma ya zo!

Ranar zaman, Shehu da kansa ya buga mini waya ya ce in sa shaddar nan tawa, in tattaro dattawan da suka gudu alwala. Na ce ai an ce in zauna gida. Ya ce, “Yau rigarka za ta yi aiki. Ku cika benci, alƙali ya ga mutumin nan yana da mutane. Rigar ce za ta yi magana, ba kai ba.” Muka hau jirgin fito, muka cika bencin kotu, hula bayan hula. Aka shigo da Isufu sanye da kayan gidan tsarewar, ya rame, yana waige har ya hango Balkisa. Alƙalin wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ba ta yi tsawa ba. Ta dubi lauyan ɗaya ɓangaren ta yi masa tambayar nan da Shehu ya ishe mu da ita a kan buhun shinkafa, kusan kalma da kalma: da wane hurumi kuke riƙe da shi? Mutumin ya juya takarda, ya sake juyawa, ya sha ruwa. Ta sake tambaya. Ni da na ce ba a yi wa mai mukulli tambaya, ga ni zaune ina kallon ana yi masa sau biyu, yana neman amsa a cikin jaka.

Ba a gama shari'ar takardun Isufu ran nan ba, wannan ta ɗauki nata lokacin. Amma an ba da umarni a saurari belinsa, aka saurara, aka sake shi, ya iske matarsa ba ta haihu ba tukuna. Ranar da muka dawo da shi, Shehu ya tsaya a bakin ƙarfen jirgin fito yana share ido, ya ce iskar ruwa ce. Da aka haihu mace ce, aka sa mata Rabi, sunan matar Shehu. Ni ko akuya ba a sa wa sunana ba, kuma ban kai ƙara ba.

Shehu bai daɗe ba bayan haka. Ciwon bai ja lokaci ba. Har ya kwanta yana ce mini in ya tashi zai kai ni in ga takardun, ni kuma ina ce masa sai sun fara kaɗa shayi. Har muka kai shi makwancinsa ban je na ga takardun ba. Wannan ne kaɗai wasan da na yi da shi da nake jin ɗacinsa.

Ina yawan tambayar kaina, da Shehu zai leƙo yau, me zai ce? Zai ga hotunan da ya ɗauka sun shiga waya, ɗalibi yana kwance a gado yana karanta kukan matuƙin jirgin nan da ɗan yatsa. Wannan zai yi masa daɗi, ko da yake zai yi mita cewa waya ba ta da ƙanshin takarda. Zai kuma ga cewa ba a daina ɗaukar mutane ba. Akwai ranakun da titin Port Richmond yake yin tsit, shaguna a buɗe amma ba mai shiga, kowa yana duba saƙon waya. Wannan ba zai ba shi mamaki ba. Ya sha gaya mana cewa takardun ba labarin ƙasa mai adalci ba ne, labarin mutanen da suka ƙi yin shiru ne, kuma da yawansu ba su ci nasara ba. Abin da zai kashe shi da dariya shi ne ya ji wane ne yanzu yake bin shaguna yana cewa kada kowa ya je ban haƙuri, kada a sa hannu a abin da ba a gane ba, a nemi lauya a yi tambaya. Bakano ɗan aji huɗu! Zai ce lallai bawa ya koyar da ubangidansa, ni kuma in ce ai dama aikin bawa ke nan.

To makon jiya Amina ta ɗauke ni ta kai ni. Ba shayi, kamar yadda na yi zato, kuma na yi atishawa. Aka sa mu wanke hannu, aka kawo kwali, aka buɗe. Takardu ne masu launin ganyen shayi, an naɗe su gida uku, wasu da ɗan zare. Rubutun kamar tafiyar tururuwa, ban iya karanta ko layi ɗaya ba, Amina ce take karanta mini. Sai muka zo kan ta wata mai wanki da guga da aka tsare mijinta. A ƙasa, inda ake sa hannu, ba rubutunta ba ne. Wani ne ya rubuta mata sunan, ita kuma ta yi 'yar alama, layi biyu a gicciye, biron ma ya ɗan zame. Jama'a, matar nan ko aji ɗaya ba ta yi ba! Na fi ta da aji huɗu cur! Amma ta san abin da ban sani ba ranar da na ɗauki ƙwarya. Ba ta je ta ce mijinta ya yi kuskure ba. Ta aika a tambayi mai mukulli. Amina ta juya bayan takardar, ga hannun alƙali, kalmomi kaɗan: an sake shi. Wallahi sai da na yi kabbara, mai gadin ɗakin ya ɗago kai.

Da muka fito na tsaya a kan matakala ina tunanin abin da Shehu ya bari. Bai bar gida a Zariya ba, ginin da ya fara har yau bai wuce linta ba. Littafin da ya ce zai rubuta bai rubuta ba. Sunansa ma ba ya jikin hotunan da ya ɗauka. Abin da ya bari tambaya ce guda ɗaya, ya ɗauko ta daga kwalin matattu ya kawo ta bayan shagon Baba Awudu, ya yi ta maimaita ta har ta zauna a bakin mutanen da aka raine su a kan gaishe da mai mukulli. Isufu yana nan yana kai burodinsa. Goro kuma ba mu daina kaiwa ba, sai dai yanzu mun san inda ake kai shi: suna, ɗaurin aure, da sulhun 'yan uwa.

Ranar Lahadin nan aka yi sadakar shekara bakwai a gidan Hajiya Rabi, matar marigayi, a Stapleton. An yi addu'a bayan la'asar, aka shafa, sai na ce a ba ni minti biyu. Na ba su labarin kwalin. Na ba su labarin mai wanki da guga, har na zana alamar a iska. Na koma kan matuƙin jirgi, na bi ta kan goro, na bayyana wa matasa ma'anar maganin tarin nan na Latin. Na sanar da cewa daga yau ni ne magajin Shehu a wannan fanni, duk mai tambaya ya same ni. Ina ganin Baba Awudu yana duban agogo, Isufu yana duban kulolin tuwo, amma na ɗauka zumuɗi ne. Ina cikin cewa “abu na gaba kuma”, sai Hajiya Rabi ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa.

Ta ce, “Alhaji Bala, tun la'asar kake riƙe da bayin Allah a ɗakin nan, ga magariba ta kawo kai, tuwo ya sandare. Faɗi da wane hurumi kake riƙe da su. In ba ka da shi, sake su.”

Na juya takardun da ke cikin kaina, na sake juyawa. Na nemi ruwa na sha.